Kunun Mai Tarko

Kwanakin baya ɗana ya ɗauke ni a mota daga Tirwun, inda nake zaune tare da su yanzu, ya kai ni Miri gaisuwar rasuwa. Da muka gama gaisuwa sai na ce ya ɗan zaga da ni in ga inda aka haife ni. Muka yi ta zagaye ban gane ko'ina ba. Inda masussukarmu take an jera shaguna, wannan na cajin waya, wancan na sayar da siminti, 'yan acaɓa sun yi layi a gabansu suna jiran fasinja. Kwarin da muke tsallakewa an yi masa kwalbati. Dutse kaɗai na gane, shi ma gidaje sun hau shi har ƙugu. Ɗana ya tambaye ni me nake nema takamaimai, na ce wata 'yar siririyar hanya ce da ke bi ta bayan gonaki. Ya ce ai irin wannan hanya babu ita yanzu. Muka koma gida, amma tun daga ranar abin da ya faru da ni a kan hanyar nan yake ta dawo mini, shi ya sa na ga gara in faɗe shi tun da sauran numfashi.

A lokacinmu da kunne ake sanin gari ya waye. Kiran salla na maƙwabtanmu shi ne na farko, sai zakaru, sai kuma mai bishararmu ya bugi wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen ɗorawa, alamar a fito addu'ar safe. Kafin rana ta hau an fara jin lugude daga kowane gida, ina iya gane tabaryar Mama a cikin goma, domin ita takan ɗan tsaya bayan bugu uku kamar mai tunanin wani abu. Kakata kuma tana durƙushe gaban dutsen niƙa tana waƙa a hanci, ba ta taɓa kai waƙar ƙarshe ba. Mu yara mata aikinmu ɗebo ruwa, tsintar itace, korar tsuntsu a gona, da goyon ƙanne. Majami'armu ta laka ce da jinkar ciyawa, kujerun ma da laka aka gina su, idan aka tashi daga sujada kowa sai ya kakkaɓe bayansa. Babu lasifika, babu janareta. Matan zumunta suna da tulun kiɗa biyu da caki, amma idan suka ɗaga murya har masu wucewa kan titin Jos suna waiwaye. Yanzu majami'ar da nake zuwa tana da fanka da tayil, ƙarar kayan kiɗan takan hana ni jin muryar wadda ke kusa da ni. Ban ce da ta fi yanzu tsarki ba, mu ma mun yi gulma mun yi faɗa. Sai dai a da kana jin numfashin ɗan'uwanka a cikin waƙa.

Ni yarinya ce mai yawan tambaya, har ana guduna. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maganar sama. Duk ranar Lahadi sai na tare mai bishara a bakin ƙofa. Ko a can ana niƙa? Ko awaki suna shiga? Wanda ya mutu ba haƙora, da haƙora zai tashi? Idan ba dare a can, yaushe ake barci? Shi mutum ne mai haƙuri, tsohon soja da ya dawo da ɗingishi. Abin da ya sani ya faɗa mini, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi. Kaka ita ce ke ba ni amsa ba tare da shakka ba. Ta ce niƙa kam babu, domin idan akwai ita ba za ta ba. Takan kuma ce mini in rage ɗokin sanin yadda ɗakin yake, in fi damuwa da sanin Mai ɗakin. A lokacin na ɗauka dabara ce kawai ta rufe mini baki.

Akwai wani mutum a gefen garinmu da ake kira Mai Tarko. Ban taɓa jin sunansa na yanka ba. Shi kaɗai yake zaune a wata bukka a gindin dutse, ba mata ba ɗa, yana kama gafiya da zomo da makwarwa, abin da ya samu ya ƙare a gidan burkutu. Ba ya zuwa majami'a, ba ya zuwa masallaci. Mu yara muna tsoronsa ba tare da ya taɓa yi mana komai ba. A shekarar da nake magana, ban wuce sha biyu ba, dawa ta yi kyau ƙwarai. Baba ya tara dammunanmu a masussuka, ana jiran a gama yaɓen rumbu a kwashe. Ran nan da tsakar rana Mai Tarko ya cinna wa ciyawa wuta don ya koro gafiya daga rami, iska ta juya. Muna tsakar gida muka ji ƙarar kara yana fashewa kamar ana harbi. Kafin maza su iso da ganye da ruwa, noman shekara guda ya zama toka. Na tuna warin, irin na tuwon da ya kama tukunya, ya yi kwanaki a garin. Shi kuwa Mai Tarko an same shi a tsakiyar wutar yana fizgo dammuna da hannu. Ya ceci guda huɗu, hannuwansa duka biyu suka ƙone, yatsun suka ƙanƙance ba su ƙara miƙewa ba.

Mai unguwa ya tara dattawa, wasu suka ce a kore shi daga garin. Baba ya ce korarsa ba za ta mai da dawa ba, a bar shi. Maƙwabta sun yi mana kara, Kirista da Musulmi, wannan ya kawo dami, wancan ya kawo rabi. Da shi muka ja har bazara. Da damina ta faɗi sai abin ya ci tura. Tafasa da rama suka zama tuwo, dusa ta zama abin lallaɓawa. Kaka ta ɓullo da wata ɗabi'a ta cewa ta ƙoshi, tana tura mana rabonta. Ana cikin marka zazzaɓi ya kama ta, jikin babu abin da zai yi faɗa da shi, kwana huɗu ta tafi. Manya suka ce lokacinta ne ya yi. Ni a raina na san wanda ya kashe ta.

Abin da ya ƙara hura mini wuta shi ne, tun bayan gobarar mai bishara ya riƙa zuwa bukkar Mai Tarko yana wanke masa hannu yana shafa masa magani. Ana nan sai ga mutumin a majami'a, a kujerar ƙarshe, hannuwansa a ɓoye cikin riga. Bai iya waƙa ko ɗaya ba, bakinsa kawai yake motsi. Bayan 'yan watanni aka yi masa baftisma a kwari, mata suna guɗa. Ranar na tare mai bishara, ban ko gaishe shi ba, na tambaye shi ko Mai Tarko zai shiga sama. Ya ce idan ya ba da gaskiya ga Yesu da zuciya ɗaya, zai shiga. Na ce saman da Kaka take? Ya ce ai guda ɗaya ce. Na ce Kaka ta yi shekara da shekaru tana share majami'a tana azumi, shi kuwa jiya-jiya ya zo, kuma da alhakinmu a kansa. Mai bishara ya dafa sandarsa ya dube ni.

"Ba shara ce ta shigar da kakarki ba," in ji shi. "Alherin Allah ne. Shi ne kuma zai shigar da ni, da ke, da shi. Da a ce lada ne, da ni ma ban san inda zan tsaya ba, don ba ki san abin da hannuna ya yi a wurin yaƙi ba."

Amsar ba ta yi mini ba. Na ga kamar an yi wa Kaka rashin adalci, ta sha wuya a nan saboda shi, ta je can ma ta tarar an shimfiɗa masa tabarma kusa da ita.

Ba a daɗe ba tari ya kwantar da Mai Tarko. Ba ya iya ɗana tarko, ba ya iya hura wuta. Matan zumunta suka raba kwanaki, amma kowa da yunwar gidansa, a ƙarshe abin ya tsaya a kan Mama. Kullum da la'asar sai ta dama kunun tsamiya daga ɗan abin da ya rage mana, ta zuba a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ce in kai masa. Ranar farko na ɗauka na fita. Na bi siririyar hanyar nan ta bayan gonaki, dawa ta fi ni tsawo hagu da dama, ba mai ganina. Da na kai wani suri da ke gefen hanya sai na tsaya, na buɗe faifan, na tuttular da kunun gaba ɗaya a gindinsa. Yunwa nake ji sosai, ƙanshin tsamiyar har yana sa mini jiri, amma ban kurɓa ba. A lissafina na yarinta, idan na sha na yi sata, idan na zubar kuwa hukunci na yanke. Na tsaya ina kallon tururuwa suna taruwa, ina mamakin yadda labari ke kai musu da wuri haka.

Na ƙarasa bukkar da ƙwaryar a rufe, domin so nake ya buɗe da kansa ya gani. Yana kwance a kan wata tsohuwar fata. Na dire masa ba sallama. Ya tashi zaune da ƙyar, ya ture faifan da bayan hannu, ya leƙa. Na shirya wa zagi, na ma tanadi abin da zan mayar masa. Ya daɗe yana kallon cikin ƙwaryar, sannan ya mai da faifan ya rufe, ya zauna shiru kimanin yadda mutum zai sha kunu ya gama. Sai ya turo mini ita.

"Ki ce wa mamanki na gode," ya ce. "Ya yi daɗi."

Na koma gida na faɗa wa Mama haka. Washegari na sake yi, ya sake faɗar haka. Abin ya dame ni fiye da a ce ya doke ni. Na riƙa tambayar kaina ko ya zauce ne, ko makirci yake shirya mini. Ranar Lahadi Mama ta ce mu je tare mu duba shi, na bi ta, na tabbata yau asirina zai tonu. Ta tambaye shi jiki, ta tambaye shi ko kunun yana shiga. Ya ce yana shiga, tsamiyar ma daidai, yarinyar kuma ba ta taɓa makara ba. Ko kallona bai yi ba da yake faɗa.

Haka muka yi ta yi har wajen kwana goma. A cikin kwanakin nan ya fara yi mini magana a ɗan zaman da yake yi da ƙwaryar a gabansa. Ya ce ya ji labari ni ce mai tambayar mai bishara zancen sama, shi kuma kunya yake ji ya tambaya da girmansa, ko zan gaya masa abin da aka ce mini? Da farko na ƙi tanka masa. Amma ni ba na iya riƙe abin da na sani, sai na tsinci kaina ina tsaye a bakin ƙofa ina ba shi amsa a daƙile. Na ce an ce babu kuka, babu ciwo, babu dare. Ya ce to wanda bai iya waƙa ba fa, korarsa za a yi? Na ce ban tambaya ba. Ya ce in tambayar masa. Ya ce shi abin da ke ba shi mamaki, ya yi shekaru yana yawo a jeji ba wanda ya neme shi, sai da ya yi ɓarna mafi girma a rayuwarsa sannan aka zo aka wanke masa hannu. Ya juya abin ya juya bai gane kansa ba, amma ya karɓa. Ran nan kuma, ina shirin ɗaukar ƙwaryar, ya ce:

"An ce a can ba a jin yunwa. Gaskiya ne?"

Na ce haka aka ce. Ya ce madalla, ya ce yana so idan ya je ya nemi tsohuwarmu ya durƙusa mata. Na fito da gudu. A hanya na tsaya wajen surin na yi ta kuka, ban san ko don Kaka nake yi ba ko don shi.

Washegari na wuce surin ban tsaya ba. Na riƙe ƙwaryar da hannu biyu ina tafiya a hankali don kada ko ɗigo ya zube. Ina zuwa na hangi Baba da mai bishara a ƙofar bukkar, da wasu maza biyu riƙe da fartanya. Ashe tun da hantsi Mai Tarko ya cika. Baba ya ce in mai da kunun gida. Ba wanda ya gane abin da ke damuna, an ɗauka tsoron gawa ne.

Daga ranar na ɗauki kaina a matsayin wadda ta kashe mutum da yunwa. Ban faɗa wa kowa ba. Na daina tare mai bishara, har ya tambayi Mama ko lafiya. Na girma, na yi aure, na haihu, na zama ta gaba-gaba a zumuntar mata, na koyar a makarantar Lahadi. Na sha gaya wa yara cewa ceto kyauta ne, ina kuma ba da gaskiya ga hakan, amma a can ƙasan zuciyata ina ganin kyautar ta kowa ce ban da ni. Duk aikin majami'a da na ƙwallafa rai a kai, ƙoƙari nake in cike ƙwaryar nan. Kunun tsamiya kuwa ban ƙara sa shi a bakina ba, na ce wa mutane yana tayar mini da zuciya.

Na haura arba'in lokacin da Mama ta tsufa ta dawo gidana a cikin gari, idonta ya yi rauni. Wata rana da yamma muna tsakar gida ina tsefe mata kai, ta ce tana marmarin kunun tsamiya. Ban san abin da ya zo mini ba, na ajiye tsinken na zagayo gabanta na durƙusa, na faɗa mata komai, tun daga surin har ranar ƙarshe. Na ce ni na kashe Mai Tarko. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko shi ke nan. Na ce shi ke nan. Sai na ga kafaɗunta suna motsi, ashe dariya take yi.

Ta ce tun rana ta biyu ta sani. Ƙwaryar da aka sha kunu a ciki ba haka take dawowa ba, ga kuma ɗige-ɗige a bakin zanena. Da sassafe ta je wurinsa da wani kunun, ta ce masa idan ta koma sai ta farfasa mini jiki. Shi ne ya roƙe ta don Allah kada ta taɓa ni, kada ma ta nuna ta sani. Ya ce shi ya ƙona mana abincin shekara, idan yarinya ta zubar masa da na 'yan kwanaki ai ba ta yi komai ba. Ya ce idan aka hana ni da duka, zan daina zubarwa amma abin zai zauna mini a zuciya, a bar ni in riƙa zuwa, wata rana da kaina zan kawo shi a cike. Daga ranar Baba ne yake kai masa na gaskiya da safe in zai wuce gona, ya kuma ba shi a baki. Ni kuwa ruwan tsamiya ake haɗa mini da ɗan ƙullu don ya yi kala, domin a shekarar nan ba mai hatsin da zai ciyar da tururuwa. Tarin ne ya kashe shi, da cikinsa a ƙoshe ya tafi.

Na zauna daɓas a ƙasa. Shekara talatin ina ɗauke da laifin da aka yafe mini tun ina cikin aikata shi, kuma wanda ya yafe ɗin shi ne mutumin da na ce bai cancanci sama ba. A wurin nan, a gaban Mama, na fahimci abin da mai bishara ya gaya mini a bakin ƙofar majami'a. Laifina yana nan, na yi shi da niyya, ruwan tsamiya bai rage masa nauyi ba. Amma alheri ya riga ni isa bukkar, kamar yadda na Almasihu ya riga mu duka. Na tambayi Mama me ya sa ba ta gaya mini ba duk tsawon shekarun nan. Ta daina dariya. Ta ce ta ɗauka na manta, abin yara ne, ba ta san yana cina ba, ta ce in yafe mata. Na ce ita ma ta yafe mini. Sai ta ce to kunun fa?

Na tashi na jiƙa tsamiya, na dama, na zuba a kwano ɗaya, na kawo ludayi biyu. Na kai na farko bakina. Mama ta ce ya yi tsami da yawa, amma ta shanye nata ta ƙara. Da muka gama ta goge baki da gefen zane, ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Bai ga ranar da kika kawo shi a cike ba," ta ce. "Idan na riga ki zuwa, zan gaya masa kin kawo."

Ta riga ni ɗin, a daminar da ta biyo baya ta tafi. Yanzu ni ma na kai shekarun da take a ranar, gwiwoyina sun gaji, yawancin waɗanda muka yi waƙa tare sun wuce. Ba na jin tsoro kamar da. Na san Mama ba ta mantuwa da saƙo, ina nan ina jiran lokacina in je in ji abin da ya ce.